Ranar da Yaya Ta Hana Ni Buga Ƙararrawa

A duk shekarun da na yi ina koyarwa, sau ɗaya na bar ƙararrawar makaranta ta makara. Yayata ce ta sa, kuma da ban bi maganarta ba, da wataƙila a ranar na rasa ’yata. Ta nan ya kamata in shiga, amma sai na fara gaya muku ko wace ce Yaya, don ita kanta ba ta yarda a fara labari ba a san mai shi ba.

Mu biyu iyayenmu suka sa a makarantar mishan. Tana gaba da ni da aji biyu, ita ke riƙe hannuna mu tsallaka titi, ita ke duba mini farce da wuyan riga kafin mu kai ƙofa. A ɗakin karatu akwai wani kabad mai ƙofar gilashi, littattafan da ke ciki suna ƙanshin kafur. A darasin ƙarshe na mako, wata tsohuwar malama takan tara mu, manya da ƙanana, ta ciro littafi guda ta karanta mana. Halinta ɗaya ne. Sai an kai inda numfashin kowa ya tsaya, sai ta rufe littafin, ta mayar da shi kabad, ta murɗa makulli. Sauran yara su yi tsaki, kafin su kai gida sun manta. Yaya ba ta iya mantawa. A hanya sai ta ƙarasa mana labarin daga kanta, mu ƙanana muna biye da ita kamar ’yan tsaki. In mako ya zagayo aka karanta ƙarshen da ke cikin littafi, wani lokaci nata ya fi daɗi, wani lokaci na littafin ya fi. In na littafin ya fi, sai ta wuni ba ta kula kowa, tana neman inda aka fi ta.

Ni abin da na ɗauko daga makarantar nan daban ne. A can, in ƙararrawa ta buga kana wajen ƙofa, a waje za ka tsaya ko da ƙafarka ɗaya ta riga ta shiga. Wannan ya zauna mini a jini. Yaya ta laƙaba mini Agogo tun ban mallaki agogo ba, kuma har ta tsufa ba ta canza mini suna ba.

Da muka girma, aiki ya sake haɗa mu a wata ƙaramar sakandare. Ita tana koyar da karatu da rubutu, ni ina koyar da lissafi, kuma ni ke kula da lokaci. Ƙararrawar ba wata aba ba ce illa tsohon ƙarfen tayar babbar mota da aka rataya a jikin bishiya a tsakiyar fili. Da na ga yaran da ake ba wa aikin suna bugawa sa’ad da suka ga dama, sai na karɓi guntun rodin da ake buga ta da shi na riƙe a hannuna.

Ɗalibai Malama Sai-Me suke ce wa Yaya. Na taɓa tsayawa a bakin taga na ji yadda sunan ya samo asali. Ta ce wa wani yaro ya tashi ya ba da labari.

“Malama, jiya na je kasuwa.”

“Sai me?”

“Na sayo gishiri.”

“Sai me?”

“Sai na dawo gida.”

“To, sannu da hanya. Wannan ba labari ba ne, aike ne. Da a ce kana tafe ka ga gishirin yana zuba ta ƙasan ƙunshi, ga hadari ya haɗo, ga babarka ta ɗora tukunya tana jiranka, da ka fara. Zauna.”

A kusurwar allonta akwai tambayoyi biyar da ba a gogewa, ko mai shara ya san haka. Wane ne? A ina yake? Me yake so? Me ya tare shi? Me ya rasa kafin ya samu? Takan ce duk labarin duniya a kan waɗannan ƙafafu yake tsaye, in ka zare ɗaya ya gurgunce. Ta biyar ta fi matsa wa yara a kai. Ba ta son labarin da aka tsira a banza. “In mutum ya fita daga labari da duk abin da ya shiga da shi,” in ji ta, “to bai shiga ba, leƙawa ya yi.”

Ba a kan takarda take fara koya musu ba. Takan nuna yaro ɗaya ta ce shi ne tauraron labarin yau, sauran su zama mutanen gari, ko ’yan kasuwa, ko fasinjoji. Sai a gina labarin tare, tambaya bayan tambaya. Doka ɗaya ce: abin da labari ya ce, jikinka ya yi. In an ce kana ɗauke da tulu, wuyanka ya nuna. Wanda ya karya doka ya fita daga labarin, ya zauna ya zama ɗan kallo, kuma a wurin yaran nan babu horon da ya kai wannan ciwo. Hedimasta bai cika son abin ba. Ya taɓa shiga ya tarar da aji guda a kan benci suna tuƙa kwalekwale da rula. Ya yi magana, Yaya ta ce to, washegari aka ci gaba da tuƙi, sai dai ba da ƙarfi ba.

Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu ya bar ta da ’ya’ya maza uku. Da yake ba ta da mace, sai ta ɗauki son duniya ta ɗora wa ’yata. Yarinyar nan tun tana goye ba ta san zama wuri ɗaya ba, shi ya sa muke ce mata Mazari. In tana cin abinci ƙafa na rawa, in tana karatu ƙafa na rawa, kuma ba ta zama minti biyu ba ta tuɓe takalmi ba. Da ta shigo ajin Yaya, sai Yaya ta kafa mata sharaɗi: a gida Gwaggo, a aji Malama. Ta kuma kai ta layin ƙarshe, jikin bango, don kada a ce ta fifita jininta. Ta haɗa ta benci ɗaya da wata yarinya shiru-shiru da ake kira ’Yar Tela. Bencin nan ƙafarsa ɗaya ta gaza. In mutum biyu na kai, yana zaune daram. In ɗaya ya tashi, sai ya karkata ya buga ƙasa.

An yi kwanaki ana ruwa a lokacin. Ciyawa ta yi tsawo a bayan azuzuwa, aka sa aka nome ta, aka tara a jikin bango. A gindin bangon ajin Yaya kuwa akwai wani rami da ruwa ya ci, wanda aka daɗe ana cewa za a toshe.

Ranar da abin ya faru, lokacin hutun cin abinci ya gabato. Na duba agogo, na ɗauki rodi, na biyo baranda zan nufi bishiya. Wanda bai koyar ba ba zai san abin da ƙararrawar hutu ke yi wa yara ba. Kafin ƙarar ta mutu sun zabura kamar an buɗe wa awaki ƙofa, benci na faɗuwa, ana tsallake tebur.

Da na zo daidai ajin Yaya sai na ji shiru, irin shirun da ban san ajin da shi ba. Na leƙa ta tagar baya. Yaya tana tsaye a tsakiyar aji, ba a gaban allo ba, da alli a hannu. Idonmu ya haɗu. Ba ta fasa maganar da take yi ba.

“Kowa ya rufe ido ya ga kogin nan,” ta ce wa yaran. “Ku ga launin ruwan. Wanda ya buɗe ido ya fita daga labarin.”

Sai ta tako a hankali har bakin taga, ta kawo bakinta kusa da kunnena.

“Agogo, kada ka buga. Kada ka yi magana. Dubi ƙarƙashin bencin ’yarka, ka haɗiye abin da ka gani.”

Na duba. Da farko ban ga komai ba sai inuwa. Sannan inuwar ta yi numfashi. Maciji ne, irin wanda ake kira kasa, kaurinsa ya kai damtsena, launinsa kamar busasshen ganye. Yana kwance tsakanin bango da ƙafafun benci, tsakiyar jikinsa a kan takalmin Mazari guda, wanda ta tuɓe kamar kullum. Tsakanin faffaɗan kansa da diddigenta bai kai taƙi ɗaya ba.

Na san irinsa. Ba ya gudu, ba ya bin mutum, sai ya wuni a wuri ɗaya kamar matacce. Amma in aka taɓa shi, ko aka firgita shi, kafin ƙiftawar ido ya gama aiki. Asibitin da ke da maganin dafi kuwa yana da nisa, ga hanya ruwa ya lalata.

Ban san lokacin da na ɗaga rodin ba. Yaya ta riƙe mini hannu.

“A tsakanin ƙafafun benci? In ka kuskure fa? Sauke.”

“Yaya, ’yata ce.”

“Ni ’yar wa ce a wurina? Sauke, ka tsaya nan. Zan kawo maka ita ta wannan tagar.”

Na sauke. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙafar Mazari ba ta motsi. Tun da aka haife ta ban taɓa ganin haka ba. Daga baya Yaya ta gaya mini yadda aka yi. Tana zagayawa tana duba rubutu ta hango shi, a daidai lokacin ƙafar yarinyar na lilo a saman kansa. Ta san in ta ce maciji, aji zai watse, benci ya kife. Ta san in ta ce wa Mazari ta daina motsi, sai ta leƙa ta ga dalili. Sai kawai ta ce a ajiye alƙalami, yau Mazari ce tauraruwa.

Ga labarin da suka gina kafin in iso. Kogi ya yi ambaliya. Wata yarinya da yayarta suna zaune a kan katako guda a tsakiyar ruwa. Wani ɗan tsuntsu ya faɗo daga sheƙa ya sauka a kan ƙafafun ƙanwar, ya yi barci. Abin da take so shi ne ta kai shi gaɓa da rai. In ta motsa ƙafa, ya faɗa ruwa. In ɗayarsu ta tashi, katako ya kife da su duka. Mazari ce ƙanwar, ’Yar Tela ce yayar.

Yaya ta koma tsakiyar aji. Sai wani yaro mai surutu da ake kira Rediyo ya ɗaga hannu, idonsa a rufe.

“Malama, an tsallake tambaya ta huɗu. Ba a faɗi abin da ya tare ta ba.”

“Ruwa ya tare ta.”

“Ruwa ai wuri ne, Malama. Ke kika ce wuri daban, matsala daban.”

“To kawo taka.”

“Sai wani ƙaton maciji ya biyo ruwa, ya zo daidai ƙafarta.”

Aji ya ɗauki dariya ƙasa-ƙasa. Wani ya fara yin tsaki irin na maciji. Na ga kawuna biyu uku sun fara sunkuyawa, don doka ta ce abin da labari ya ce jiki ya yi. Na ga babban yatsan ƙafar Mazari ya lanƙwashe.

“Maciji kuma,” in ji Yaya, kamar mai jin barci. “Makon jiya maciji, wancan makon maciji. A gidanku ba a san wani abin tsoro ba sai shi? Malalacin marubuci ne ke kiran maciji in dabara ta ƙare masa. Ban karɓa ba. Kowa ya ɗaga kai sama, hadari ne ke tahowa. Ga matsalarku nan. In aka ƙara ruwa, katako ya nutse.”

Kawuna suka koma sama. Muryarta ba ta canza ba ko kaɗan, amma na ga allin da ke hannunta ya karye biyu.

“Mutanen gari,” ta ci gaba, “ku ne za ku je neman kwalekwale. Gadar da za ku bi ta ruɓe. Layin gaba ya fara, ɗaya bayan ɗaya, a kan yatsun ƙafa. Ku buɗe ido amma ku dubi ƙofa kaɗai, mai waiwaye jiri zai ɗebe shi. Wanda bencinsa ya yi ƙara ya faɗa kogi, babu shi a sauran labarin. Ku wuce har ƙarshen baranda ku jira ni.”

Suka fara fita suna sanɗa, suna danne dariya. Layi na farko ya fita, na biyu ya tashi.

A nan ne na hango hedimasta. Ya fito daga ofis, ya dubi agogon hannunsa, ya dubi bishiya, ya ga ba kowa. Ya girgiza kai, ya nufi can. Da ya kusa, sai na ga ya sunkuya ya ɗauki dutse zai buga ƙarfen da shi.

Ba dama in kira shi, don ihuna zai yi abin da ƙararrawar za ta yi. Ba na kuma son ɗauke idona daga diddigen yarinyar nan, kamar kallon da nake yi ne ke riƙe da macijin. Amma na ɗauke. Na ajiye rodin a kan ciyawa don kada ya yi ƙara, na sheƙa a guje ta kan laka. Ya riga ya ɗaga hannu sa’ad da na cafke wuyan hannunsa.

“Malam, lafiya? Yau kai ne da makara? Na ce ko agogon naka ya mutu.”

“Ranka ya daɗe, ajiye dutsen nan.”

“To sake ni mana.”

“Maciji ne a ajin Yaya, a ƙarƙashin ƙafar ’yata. In ƙarfen nan ya yi ƙara, za ta tashi.”

Ya dube ni, ya dubi ajin. Ya sunkuya ya ajiye dutsen a ƙasa kamar mai ajiye ƙwai.

“Me kake so in yi?”

“A hana sauran azuzuwa fitowa. A kira mai gadi, ya zo da doguwar sanda, amma kada ya shiga sai Yaya ta ce.”

Ya tafi da sauri. Dama sauran azuzuwan sun fara guna-guni, don cikin yaro ma agogo ne. Ina jin ana jan benci a ajin da ke maƙwabtaka da na Yaya, bango ɗaya ne tsakaninsu.

Da na dawo taga, ajin ya zama fanko. Saura Yaya da yaran biyu. Macijin ya motsa. Ya janye kansa baya, wuyansa ya lanƙwashe, jikinsa yana kumbura yana saɓewa, kuma yana wani huci mai kauri kamar ana sace iskar taya.

’Yar Tela ta ji. Na ga ta buɗe ido ɗaya, ta kai shi ƙasa. Sai duka biyun suka buɗe. Bakinta ya buɗe, hannunta ya kama gefen tebur, ta fara ɗaga jikinta daga bencin. In ta tashi, bencin zai karkata ta wajen Mazari ya buga ƙasa a gefen kan macijin.

“’Yar Tela,” in ji Yaya, a hankali. “Dube ni. Ni za ki duba. Ke ce yaya a labarin nan. Yaya takan ga abin da ƙanwa ba ta gani ba, ta yi shiru, ta zauna. Aikinta ke nan. Kin ji ni?”

Hawaye na zuba a fuskar yarinyar. Ta gyaɗa kai. Ta koma ta zauna a hankali.

“Me ta gani, Malama?” in ji Mazari, idonta a rufe gam.

“Hadari. Ke ki kula da tsuntsunki.”

“Ƙafata ta sage.”

“Na sani. Saura kaɗan. Yanzu ruwa ya fara hawa katako. Za ku ɗaga ƙafafunku ku ɗora a kan benci, ku biyu tare. Sama za ku ɗaga, kada wadda ta ja baya. A hankali, yadda tsuntsu ba zai farka ba. Ke ’Yar Tela, ki bi saurin ƙanwarki.”

Ban taɓa sanin ɗaga ƙafa na iya daɗewa haka ba. Diddigen ya rabu da siminti. Ya hau kaɗan. Ya tsaya, yana rawa. Harshen macijin ya fito ya koma. Ina addu’ar da aka koya mana tun muna yara, amma na kasa wuce layin farko, sai maimaita shi nake yi. Ƙafafu huɗu suka hau benci.

Saura su bar bencin, kuma dole ɗaya ta riga ɗaya. Sai na ga Yaya ta tako zuwa gefen da ƙafar bencin ta gaza. Ta sunkuya ta danne shi da hannu biyu, ta sa nauyinta duka. Yin haka ya kai ƙafarta inda ta Mazari take ɗazu, ko ma kusa da haka. Takalmi buɗaɗɗe ne a ƙafarta.

“Yaya,” na ce.

“Mutumin bakin gaɓa ba ya magana,” ta ce, ba ta dube ni ba. “Kwalekwale ya iso. Yayar ce za ta fara shiga. ’Yar Tela, hau tebur, ki taka na gaba, ki taka na gaba, har ƙofa. Kada ki sauka ƙasa sai kin kai.”

Yarinyar ta hau, ta bi kan tebura tana tangaɗi, ta fice. Bencin bai motsa ba. Jijiyoyin hannun Yaya sun fito raɗa-raɗa.

“Saura ke. Ɗauki tsuntsun ki riƙe a hannu. Buɗe ido, ki dubi taga. Wa kika gani?”

Mazari ta buɗe ido. Ta haɗa tafin hannunta biyu a ƙirji kamar da gaske akwai abu a ciki.

“Baba ne.”

“Shi ne mai kwalekwale. Hau tebur ki je wurinsa.”

Ta miƙe a kan benci, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan tebur. Sai ta ga ƙafar ba takalmi. Ta san abin da uwarta za ta ce in ta koma gida da takalmi guda. Ta manta da aji, ta manta da sharaɗi.

“Gwaggo, takalmina.”

Ta saki hannu ɗaya, ta fara sunkuyawa, hannun yana gangarawa ta bayan benci.

“Tambaya ta biyar,” in ji Yaya, da muryar da take yin jarrabawa.

Hannun ya tsaya a iska.

“Me ta rasa kafin ta samu,” in ji Mazari.

“To kin gani. Takalmi ya bi ruwa. Miƙe, tsuntsunki zai faɗi.”

Ta miƙe. Ta mayar da hannun ƙirji. Ta taka tebur, ta taka na kusa da taga, na zura hannu na sungume ta na fito da ita. Ban san na matse ta da ƙarfi ba sai da ta ce, “Baba, za ka kashe shi.” Tsuntsun take nufi.

Yaya tana nan sunkuye, ita kaɗai da macijin. Ba ta da wanda zai riƙe mata benci. Ta fara janye ƙafa ɗaya baya, ta ajiye. Ta janye ɗayar, har jikinta ya miƙe, yatsunta kaɗai ke kan katakon. Sannan ta saki, ta yi baya da sauri. Bencin ya karkata ya buga siminti. Ban ga saran ba, ƙararsa na ji a jikin ƙafar bencin. Daga baya mun ga ɗigon dafi yana gangarowa a kan katakon.

Mai gadi ya shiga da sandarsa da fartanya, ya gama da shi. Da ya fito da shi rataye a sanda, yaran da ke baranda suka ɓarke da hayaniya. Mazari ta dubi macijin, ta dubi ƙafarta, ta dubi gwaggonta. Ba ta yi kuka ba sai da muka kai gida. Amma har lokacin hannayenta na haɗe a ƙirji, ta manta ta raba su.

Yaya ta zauna a kan matakalar baranda. Aka kawo mata ruwa a kofi, ta kasa kai shi baki, rabi ya zube a zaninta. Ta ɗago ta dube ni.

“Agogo, je ka buga abinka. ’Ya’yan mutane na jin yunwa.”

Na nemo rodin a cikin ciyawa, na je na buga. Ban duba agogo ba.

Washegari aka toshe ramin, aka kwashe ciyawar, aka sa wa bencin ƙafa. Rediyo kuwa ya zo aji da ƙorafinsa.

“Malama, ai na faɗa. Kika ce ni malalaci ne.”

“Ka faɗa, kuma kai ke da gaskiya. Ka yi haƙuri, na zage ka ba da laifinka ba. Amma ka faɗa da wuri. Mai ba da labari ba sanin abin da ke ƙarƙashin benci kaɗai ne aikinsa ba, har da sanin lokacin da zai bari a gani.”

“A ƙara a allo, ta zama ta shida?”

“Allon ya cika. Riƙe a kanka.”

Ta kuma kira ’Yar Tela gaban aji, ta ce a duk labarin jiya babu wanda ya yi aiki mai wuya kamar wannan, don ita ta gani kuma ta zauna. Yarinyar ta rufe fuska da littafi.

Yaya ta ci gaba da koyarwa har ta yi ritaya. Ta koma ɗan gidanta mai ɗaki biyu, da kujerar roba a bakin ƙofa, inda jikoki da ’ya’yan maƙwabta ke taruwa da yamma. Ko da idonta ya yi rauni har ba ta iya karatu, ba ka isa ka ba ta labari ka tsallake tambaya ba. In na kai mata ziyara na fara ba ta labarin ciwon gwiwata, sai ta bari in gama ta ce, “Sai me?” Mazari ta girma, tana aiki a kantin magani, ta haifi nata ’ya’yan. Har yau in ta zauna ƙafarta na rawa, sai dai ba ta ƙara tuɓe takalmi a inda ba ta ga ƙasa ba.

Mutane da yawa sun ba da labarin ranar nan, wasu har sun ƙara wa macijin tsawo. Yaya ba ta taɓa ba da shi ba. Shekarar da za ta rasu na tambaye ta dalili, muna zaune a bakin ƙofarta, Mazari na ciki tana haɗa mata magani da ruwan da za ta sha shi.

Ta ce, “Duk labarin da na taɓa bayarwa, na san ƙarshensa kafin in buɗe baki. Wannan ne kaɗai na fara ban sani ba. Ba na son in sake bi ta kansa.”

Sai ta juya wajen ƙofa ta ɗaga murya. “Mazari, ruwan nan fa? Ko sai na mutu za ki kawo?”

“Ga ni nan, Gwaggo,” in ji ’yata, ta fito da kofi a hannu.